Shafi na Arba'in

Likita tana cire safar hannu bayan ta huda maƙogwaron wata yarinya ta sa mata bututun numfashi, uwar yarinyar ta riƙo gefen rigarta.

"Daktora, wallahi a kofin shayi na dama sibgar lallen amarya. Juyawar da zan yi, ta kurɓe."

"Tana numfashi, Hajiya. Je ki zauna."

Yarinya ta huɗu ke nan a wannan watan da ta sha sibga, baƙin rinin da matan Umdurman ke gaurayawa da lalle. Likitar ta ja ƙafa zuwa ofis, inda aikin da shugaban sashe ya ɗora mata yake jiranta: ta tantance shafukan intanet arba'in masu koyar da maganin guba, ta ware wa sababbin likitoci na kirki.

Ta riga ta gama talatin da tara. Sun san dafin macizan Amurka da gizo-gizon Ostareliya, kuma magungunan da suke lissafowa, rabon asibitin da su tun kafin soja su karɓi mulki. Ko ɗaya bai san sibga ba.

Na arba'in ne kaɗai ya ambace ta, a wata maƙala. Ta gyara zama, ta danna. Allon ya daɗe yana tunani, sannan ya ce saboda takunkumi ba a buɗe wannan shafi daga Sudan.

Kan maƙalar kawai ya bar mata, da sunan marubuciyar. Sunanta ne. A kan wannan teburin ta rubuta ta, shekara shida da suka wuce.