Rijiya ta Huɗu

Ranar da ma'aikatan muhalli suka iso daga Tamale da motar haƙa, Mma Munawara ta yi ciniki ne kawai, amma hankalinta ba ya jikinta. Rumfarta ta shinkafa da wake tana bayan gidan man ɗanta Mudasiru, a bakin hanyar Gushegu cikin Yendi, don haka komai a kan idonta aka yi. Rijiyoyi huɗu suka haƙa kewaye da tankin man da ke binne a ƙasa, bakin kowacce bai wuce gwangwanin madara ba. Suka zura bututu, suka rufe. Shugabansu, wani dogo mai suna Aruna, ya ce ba na sha ba ne. Za su riƙa ɗibar ruwan suna aunawa, a ga ko tanki yana yoyo.

Ita kuwa ta san abin da ya sami wani mai gidan mai a Salaga. Aka sami fetur a ruwa, aka tone tanki, aka garƙame wurin. Har yau in ya gifta sai a nuna shi da baki, a ce ga wanda ya shayar da unguwa guba. Mudasiru ba shi da zuciyar ɗaukar wannan.

Tsohuwa ba ta yi boko ba, amma ta san in gishiri ya yi wa miya yawa, ruwa ake ƙara mata. Rijiyoyi uku suna bainar jama'a. Ta huɗun tana gindin rumfarta, kuma ita ta fi kusa da tankin.

Dama kullum daga gida take kawo ruwan girki, can zango, bayan tsohuwar tashar manyan motoci. Rijiyar gidan tun zamanin surukinta take, ba ta taɓa ƙafewa ba. Jikarta Zakiya, da ciwon kai ya sa a gaba kwanan nan, ta taɓa cewa ruwan yana da wani ɗanɗano, ta sha faɗa, don 'ya'yan zamani ruwan leda ya lalata musu baki. Mma Munawara ta sayi sababbin jarkoki, waɗanda ko ɗigon mai ba su taɓa gani ba. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ta kwance murfin rijiya ta huɗu, ta tuttula ruwan a ciki.

Sakamako ya zo. Uku lafiya lau, ta huɗu akwai fetur.

Ta ce a ranta ruwan ne bai isa ba. Ta ninka. A awo na gaba fetur ya ƙaru. Mudasiru ya daina cin abinci. Ita kuma duk motar da ta tsaya sai ta ɗauka masu kwaɗo ne suka zo rufewa. Ta ƙara ninkawa, har bayanta ya riƙe.

Sai aka dakatar da sayar da mai, aka gwada tankin da iska. Bai yi yoyo ba. Aruna ya daɗe tsaye a kan rijiya ta huɗu yana zura igiyar awo yana zarowa. Daga nan ya nufo rumfa, ya zauna a benci, bai nemi abinci ba. Ya ce ƙasar da suka haƙo a nan mai tsabta ce. Ya ce ruwan bututun nan ya fi na sauran tudu, alhali ba a yi ruwan sama ba. Idonsa ya sauka a kan jarkokin.

Mma Munawara ta bi jarkokin da ido. Ta hango ofishin 'yan sanda, ta hango sunan Mudasiru a bakin duniya. Ta dafe tebur ta miƙe.

"Ni na zuba. Yaron nan bai sani ba. In ɗauri ne, ni za ku ɗaure."

Aruna ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Mma, ba ɗauri ya kawo ni ba. Tankin ɗanki lafiyarsa ƙalau, fetur ɗin a cikin ruwan da kike zubawa yake zuwa. Mutum nawa ke shan rijiyar gidanki?"