Gahawar da Kusai Bai Sha Ba

Rand ta miƙa wa Kusai gahawa, ya karɓa ya ajiye bai kurɓa ba. Ta gane. A birnin Amman, baƙon da ya ajiye kofi, da roƙo ya zo, kuma ba zai sha ba sai an amsa masa.

Ta zauna nesa da shi. "Ka kalli shirin nan da aka farfaɗo da shi jiya? Na mutumin da ke komawa zamanin baya."

"Na kalla. Mutane sai zagi suke, wai tsohon jarumin ya fi." Ya waiga ya dubi falon. "A falon nan muke kallon na da, kafin in cire zoben baikonmu in tafi Kanada."

"Ni sabon ya burge ni. Tsohon kullum sai ya koma ya gyara ɓarnarsa, a yafe masa. Wannan ya koma, ya ƙwanƙwasa, matar ta ƙi buɗewa."

Ya dubi kofin, ya dube ta. "Haba Rand, kashi na farko ne fa."

Ta miƙe ta ɗauke kofin. "Ta huce. Kada ka jira Baba da roƙonka, ni na ce ya yi zamansa a ciki."