Tallan Asibitin Indiya

Injin buga takardu ya tofo tallan, Shu'aibu ya ɗauke shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. Hoton wata likita ce 'yar Indiya tana murmushi, ƙarƙashinta an rubuta cewa asibitinsu na maganin sankarar mama.

"Dubi jakuna," ya ce, ko da yake shi kaɗai ne a falon.

Shu'aibu dillalin kayan gyaran mota ne a Titin Bauchi da ke Jos, kuma a shekarar 2008 yana cikin 'yan tsirarun da suka ja intanet har gida. Kamfanin Tsauni ne ya kafa masa ƙarfe a kan rufi, don ya riƙa duba farashin kaya daga Dubai ba sai ya je kafe, shagon intanet, ya zauna kusa da ɗaliban jami'a masu warin gumi ba. Ya yi ta alfahari da ƙarfen nan, har ranar da asiri ya tonu cewa kamfanin yana leƙen duk shafin da mutum ya buɗe, yana sayar wa 'yan talla.

Okwudili, mai kafe a bakin titi, shi ya fara kuka. Wani kwastomansa ya nemi maganin basir, washegari tallan basir ya bi duk wanda ya zauna kan wannan kwamfutar. Ɗalibai suka watse. Masu shaguna da malaman makaranta suka haɗa kwamiti, suka kira taro, suka ce lallai kamfanin ya zo ya yi bayani. Shu'aibu aka ba shugabanci, saboda duk layin ba wanda ya kai shi iya wulaƙanta mutum da baki.

Shi leƙen ma bai ƙona masa rai kamar wautar ba. Ƙato kamarsa, mai gemu, mai neman birki da fulogi, a ce na'urarsu ta ɗauke shi mace mara lafiya! Idan za ka yi gulma, ai sai ka iya.

Ya nuna wa matarsa Zulaihatu takardar lokacin da ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ya ce da ita zai tafi taron. Ta ajiye jaka a hankali, ta zauna a hannun kujera.

"Baban Madina, da ka bar wannan. Ka yi maganar basir ɗin kafen Okwudili, ta isa."

"Wannan ce za ta kashe su. Ke dai ba ki san taro ba."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Kwanan nan shirunta ya yi yawa, abinci ma sai ta tsakura ta ture. Ya san dalili: aikin makaranta ne, ga yawan zuwa Kabong wajen yayarta. Shi ya sa ma ya koya mata kunna kwamfutar, ko ta sami sauƙin shirya darasi. Ya lanƙwashe takardar ya sa a aljihu, ya ce mata lallai ta zo ta ga yadda ake yanka mutum ba wuƙa.

Ranar Asabar da la'asar zauren taron ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Kamfanin ya turo manajansa, wani Fidelis, cikin kwat mai sheƙi da waya biyu a hannu. Ya yi ta zuba Turanci: ba leƙe ba ne, hidima ce, mutum ya ga tallan abin da yake buƙata maimakon shirme. Shu'aibu ya bar shi ya gama, yana kallonsa kamar yadda yake kallon jabun kaya.

Sannan ya miƙe.

Ya ce ko ɓarawon da ya haura katanga ya fi su mutunci, don shi yana tsoron a gan shi. Ya ce sun karɓi amanar mutane sun shimfiɗa ta a tire kamar gyaɗa. Zauren ya ɗauki tafi. Okwudili ya hau kan benci yana ihu, "Faɗa musu, oga!"

Sai ya zaro takardar, ya warware ta, ya juya da ita kowane ɓangare.

"Ga hidimar da suke yi mini a gidana! Kullum na kunna, sankarar mama, sankarar mama. Jama'a, ku dube ni da kyau. Ina maman yake?"

Dariya ta ɓarke har wani tsoho ya sarƙe. Fidelis ya goge goshi, ya ce cikin Hausarsa mai gargada, "Oga, na'ura ba ya ƙirƙira. Abin da an nema a layinka, shi ne yana nunawa."

"Ƙarya kake! Ga shaidata nan." Shu'aibu ya nuna ɓangaren mata, inda Zulaihatu ke zaune tsakanin malaman makarantarsu da matan layinsu. "Maman Madina, tashi ki gaya musu. Kin taɓa ganin na nemi irin wannan ƙazanta?"

Ta daɗe ba ta motsa ba. Dariyar ta riƙa raguwa, mutane suna waiwayowa. Da ta miƙe sai da ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, kuma a karon farko cikin watanni ya lura da yadda rigar ta yi mata yawa.

"Ba ka taɓa nema ba, Baban Madina," ta ce. "Ni ce. Na so likita ya sa ranar tiyata tukuna in gaya maka mu biyu, ga shi ka riga ka gaya wa Jos."