Firjin Alhaji Badamasi

Sai da Ummussalma ta gama zagaye kantunan maganin Haɗeja, daga bakin kasuwa har bayan tasha, sannan ta yarda ta nufi na Alhaji Badamasi. Shi kaɗai ya rage, kuma duk inda ta shiga can ake nuna mata.

Kububuwa ce ta sari ƙaninta Haladu da hantsi, yana ƙoƙarin ceto ragowar shinkafarsu daga ruwan da ya cinye gonarsu da ke Guri. A kwalekwale aka fito da shi zuwa inda mota ke iya tsayawa. A asibiti likita ya ce maganin dafin maciji ya ƙare, domin tun da ambaliya ta koro macizai kan tudu ba su huta ba. Hanyar Kano ta yanke. Ko dai a samo maganin cikin gari kafin jini ya fara zuba, ko a zauna ana kallonsa.

Ganin gida kawai Ummussalma ta zo daga birnin da take zaune, ambaliya ta rutsa da ita. Yanzu ga ta tsaye a ƙofar kantin da ba ta taɓa takawa ba. Ta ƙi ɗaga kai ta dubi sunayen da ke jikin allon da ke sama, ta shiga.

Wuri ne mai kyan gani: tayil a ƙasa, gilashi a kanta, kwalaye jere har rufi. Alhaji Badamasi da kansa ke zaune, domin ruwa ya hana ma'aikatansa fitowa. A gabansa wata dattijuwa, Iya 'Yar'azumi, na jiran allurar ciwon sugarta.

"Akwai, Hajiya," in ji shi da ta faɗi abin da take nema. "Duk garin nan mu kaɗai muka rage da shi."

Ya buɗe firji. Fitilar ciki ba ta kama ba. Iskar da ta fito ɗumi gare ta, da warin zoɓon da ya kwana. Tsakanin ledojin ruwa da robar fura ya laluba, ya zaro 'yar kwalba ya miƙa mata.

Ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya gurɓace, wasu 'yan fararen abubuwa na yawo a cikinsa. Ba ta buƙatar kowa ya fassara mata abin da ta gani.

"Alhaji, yaushe rabon firjin nan da wuta?"

"Tun da turakun lantarki suka faɗi. Amma muna tayar da janareta da yamma, ya ɗan sha sanyi."

"Wannan magani ba ya son zafi ko na yini ɗaya. Ya mutu. In an yi wa mutum, dafin ba zai karye ba, wataƙila ma shi ya ƙarasa shi."

Alhaji ya yi dariya. "Ikon Allah! Ke likita ce?"



Wayarta ta yi ƙara. Innarsu ce daga asibiti: dasashin Haladu ya fara jini, kumburin ya haura gwiwa. "Kin samo, 'yar nan?" Ummussalma ta dubi kwalbar. Babu wata a garin, babu hanyar fita daga garin. Ta ce, "Ina zuwa, Inna," ta kashe, wayar na nan a hannunta.

Iya 'Yar'azumi ta dafa ta. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Nan ba kemis ɗin lungu ba ne. Suna da ƙwararriya mai duba musu komai, ta yi karatun magani har jami'a. Shi ya sa nake baro unguwarmu in zo nan. Allah dai ya yi mata albarka."

Tana magana Alhaji na zaro allurar sugarta daga cikin wannan firjin.

Gaskiyar dattijuwar ce ta wani ɓangare. Doka ba ta barin babban kantin magani ya buɗe sai da sunan masanin haɗa magunguna, wanda zai tsaya a kansa kullum, ya san abin da ya shigo, ya zubar da abin da ya lalace. Abin da Iya ba ta sani ba shi ne, shi wannan sunan ana ba da hayarsa.

"Ban taɓa ganin fuskarta ba," in ji Alhaji, ko kunya babu. "Dillali ne ya haɗa mu, lasisinta kawai muke aiki da shi, kamar yadda kowa ke yi. Amma mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ce mini a'a ba. Bari in kira ta, ki ji daga bakinta cewa maganinmu lafiya lau yake."

"Kada ka kira ta, Alhaji."

"A'a, ai kin ɓata mini kanti a gaban mutane. Sai ta wanke ni."

Ummussalma ta ajiye kwalbar a kan teburin kantin a hankali. Ta juya za ta fita, amma Iya 'Yar'azumi na tsaye a ƙofa, ta ƙulle allurarta a bakin zani, tana jiran ta ji muryar matar da take yi wa addu'a.

Alhaji Badamasi ya lalubo lambar, ya danna, ya buɗe lasifika domin kowa ya shaida.

Wayar da ke hannun Ummussalma ta fara ƙara.