Kwamfuta a Kan Faranti

Batirin ya koma ja, wuta kuma ba ta da niyyar dawowa. Lailatu ta zuba wa kwamfutar yayanta Khuzaima ido.

Da safe, kafin ya tafi jana'iza Gwaram, ya ce mata, "Zuciyar kwamfutar nake sake ginawa, awa shida take ci. In ta mutu, aikin ya rushe. In ban tura wa masu ɗaukar aiki sakamakon kafin magariba ba, wani za su ɗauka."

Ba ta iya karanta Turancin da ke kan baƙin allon ba. Ta ɗora kwamfutar a buɗe kan faranti, ta ɗauka a ka, ta ratsa Wurno har shagon caji inda maza ke zaune, ita da ko a gaisuwa ba ta ɗaga ido.

"Lailatu, yau tallan kwamfuta aka fito?" in ji Ɗanladi mai caji.

"Don Allah, Malam, ka sa mata wuta," ta ce, murya can ƙasa.

Nan ta tsuguna tana gadi har la'asar sakaliya, ko ruwa ba ta sha ba.

Khuzaima ya iso shagon a gajiye. Ya duƙa ya karanta layin ƙarshe, sai ya zauna a ƙasa.

"Yaya, ta gama?"

"Ba ta ma fara ba, Lailatu. Ina fita ta tsaya tana tambaya, e ko a'a. Tun safe amsa take jira."