Tsamiyar Ƙarshe

Baba yana saran tsamiyar ƙarshe a gonarmu, hawaye na zuba.

"Baba, Kaka fa ya dasa ta," na ce.

"Ba ki ji malamin gona ba? Sai gonar da ba itace gwamnati za ta ba dashe da taki. Inuwa za mu ci?"

Ranar da ma'aikatan gwamnati suka iso, sai suka jera ƙananan itatuwa a leda tsakanin kututturan. Aka ce Baba ya yi murmushi, aka ɗauki hoto.

Sai suka fara mayar da su mota.

"Ranka ya daɗe, ina za ku kai su?" Baba ya tambayi shugabansu.

"Na hoto ne, Baba. Taki kuma sai baɗi. Matsa mana, maƙwabcinka ya gama sare nasa, yana jiranmu."