Kar Ki Ƙarasa

A wajen ganawar neman aiki, Rumasa'u ta lura fitilar kan tebur tana lumshewa duk sanda ta yi magana. Fitilar ce ke tantance wanda ya dace da tawagar masu rubuta manhajar kwamfuta. In ta yi maka ja, shi ke nan.

"Za ki gama aiki kan lokaci?" in ji Injiniya Sagir, shugaban tawagar.

"Zan gama, in sha..."

"Ƙanwata, kar ki ƙarasa," ya raɗa mata. "Shakka take ɗaukarsa."

Ta haɗiye sauran. "Zan gama."

Fitilar ta yi kore. Sagir ya sauke ajiyar zuciya. "To, Allah ya sa."

Fitilar ta juyo kansa, ta yi ja.

Ya cire katin aikinsa daga wuya, ya ajiye a gabanta, ya fita.